Zana giraf daban, karanta shi daban

Idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, akwai darasin da kusan kowane malamin fiziks a sakandare yake maimaita wa 'yan ajin ƙarshe har sai ya zauna musu. Za a ɗaura ɗan ƙwallon ƙarfe a zare, a rataye shi, a auna tsawon zaren, a ja ƙwallon gefe kaɗan a saki. Ɗalibi ya riƙe agogo ya ƙirga lilo ashirin, ya raba lokacin gida ashirin don ya sami na lilo ɗaya, ya ninka lambar sau kanta, ya rubuta a jadawali. A sauya tsawon zaren a sake, har wajen sau biyar. Daga nan sai takardar giraf mai ƙananan gidaje. An koya masa ya rubuta sunan layin tsaye da na kwance, ya zaɓi ma'aunin da zai cinye fiye da rabin takardar, ya ɗiga ɗigonsa da fensir mai tsini, ya ɗora rula ya ja layin da ya fi ratsa tsakiyar ɗigogin, sannan ya zana babbar alwatika a jikin layin ya lissafa karkatarsa. Kowane mataki da makinsa, kuma yaro mai natsuwa yakan kwashe kusan duka.

To amma ajiye masa takardar da ya gama a gabansa ka tambaye shi: idan na ƙara tsawon zaren nan ya ninka sau huɗu, me zai sami lokacin lilo? Sau da yawa shiru za ka ji, ko ya ce shi ma zai ninka sau huɗu. Alhali amsar tana kwance a takardar da ya zana da hannunsa. Zare mai santimita 25 yana zuwa ya dawo cikin kusan daƙiƙa ɗaya, mai santimita 100 kuma cikin kusan daƙiƙa biyu. Tsawo ya ninka sau huɗu, lokaci ya ninka sau biyu kacal. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa aka ce ya ninka lokacin sau kansa kafin ya zana: in da lokacin ya ɗora kai tsaye, da layin ya lanƙwashe, rula ba za ta hau shi ba. An miƙar da layin ne da dabara don a sami sauƙin lissafi. Yaron ya bi dabarar, ya ci makinta, ba tare da wani ya gaya masa abin da aka miƙar ba. Ya zama kamar mai kwafar rubutu a allo da hannu mai kyau, amma in an ce ya karanta abin da ya rubuta sai ya tsaya.

Ba laifin yaron ba ne, kuma ba na ganin adalci ne a jibga wa malamin shi kaɗai. Mun ɗauki giraf a matsayin aikin hannu, alhali magana ce. Kowane giraf yana faɗin abu ne game da abubuwa biyu masu canzawa: idan wannan ya ƙaru, wancan ƙaruwa yake yi ko raguwa, da sauri ko a hankali, har abada ko zuwa wani wuri ya tsaya. Wanda ya iya karanta giraf shi ne wanda zai dube shi ya faɗi wannan maganar da bakinsa, sannan in an ba shi maganar ya mayar da ita zane. Ɗiga ɗigo a gidan da ya dace ƙaramin reshe ne na aikin, kuma shi ne reshen da wayar hannu take yi cikin ƙiftawar ido.

Yana da kyau malami ya san cewa abin da yake nema daga yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba abu ne da ɗan Adam ya tashi da shi ba. An yi ƙarnoni ana lissafin filaye da kusurwoyi da tafiyar taurari kafin wani ya yi tunanin wakiltar lokaci da tsawon layi. Nicole Oresme a Faransa ya fara zana wani abu mai kama da haka wajen shekarar 1350. René Descartes ya haɗa aljebra da zane a 1637. Giraf na layi da na sanduna irin wanda muke gani a jaridu kuwa sai a 1786 William Playfair, mutumin Sikotilan, ya fito da shi don nuna cinikayyar Ingila da wasu ƙasashe, kuma sai da ya tsaya yana yi wa manyan mutane bayanin yadda ake dubansa. Abin da ya ɗauki masana wannan tsawon zamani ba zai shiga kan yaro ba don kawai an zana shi sau ɗaya a allo.

Masu binciken koyarwa sun daɗe da gano inda yara suke tuntuɓe, kuma wuraren ba su da yawa. Na farko, yaro yakan ɗauki giraf a matsayin hoto. Zana masa giraf na wanda ya fita daga gida ya je kasuwa ya dawo, lokaci a kwance, nisansa da gida a tsaye. Layin zai hau, ya miƙe a kwance na ɗan lokaci, sannan ya sauko. Tambayi aji me ya faru, za ka sami masu cewa mutumin ya hau tudu, ya yi tafiya a samansa, ya gangaro. Ba tudu ko ɗaya a labarin. Inda layin ya kwanta, mutumin tsaye yake a kasuwa yana ciniki, lokaci na tafiya, nisa bai motsa ba. Claude Janvier, wani masani ɗan Kanada, ya nuna wannan a binciken da ya yi a Jami'ar Nottingham a 1978. Ya ba ɗalibai giraf na gudun motar tsere yayin da take zagaya fili, da yawansu suka ɗauki lanƙwasar layin a matsayin kwanar hanyar kanta. Idon yaro ya saba da cewa zane kamannin abu ne, zanen akuya akuya ne. Giraf ya saɓa wa wannan sabon, don haka dole a zauna a warware masa.

Tuntuɓe na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne yake bin mutum har girma: rikita tsayin layi da karkatarsa. Tsayi yana gaya maka nawa ne abin yanzu. Karkata tana gaya maka da wane sauri yake canzawa. Lillian McDermott da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun wallafa bincike a 1987 da ya nuna cewa har ɗaliban jami'a masu karanta fiziks suna faɗawa wannan ramin. A nuna musu layin tafiyar abubuwa biyu a tambaye su wanne ya fi gudu a wani lokaci, sai su zaɓi wanda layinsa yake sama, ba wanda layinsa ya fi tashi tsaye ba. Wanda yake gaba ba lallai ne shi ya fi gudu ba, yana iya yiwuwa shi ya riga tashi.

Wanda yake ganin wannan matsalar ɗakin gwaji ce kawai, ya saurari hirar da ake yi duk lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman hauhawar farashi. A ce a rediyo hauhawar ta sauka, mai sauraro ya je kasuwa ya ga mudu bai sauko ba, ya dawo yana cewa ƙarya ake yi mana. Amma alƙalumman hauhawa ba farashi suke aunawa ba, saurin tashin farashi suke aunawa. Ɗauki misali: kayan da ake saya naira 1,000, hauhawa ta kai kashi 30 cikin ɗari, suka koma 1,300. Shekara ta gaba hauhawa ta sauka zuwa kashi 20, kayan suka koma 1,560. Layin hauhawa ya yi ƙasa, layin farashi yana ci gaba da hawa, sai dai hawan ya ɗan sassauta. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda. Mutumin da aka koya wa bambancin tsayi da karkata tun yana aji biyu zai riƙe gaskiyar nan biyu ba tare da ya ruɗe ba, kuma ba wanda zai ruɗe shi da ɗayarsu. Akwai ma wani darasin a cikin alƙaluman namu. A watan Disamba na 2024 hauhawar ta kai kashi 34.80, ta Janairun 2025 kuma aka ce 24.48 ce. Wanda ya haɗa ɗigon nan biyu da layi zai ga faɗuwa mai ban mamaki cikin wata guda. Abin da ya faru shi ne hukumar ta sabunta tsarin awon, ta mayar da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake jerin kayan da ake bibiyar farashinsu. Ma'auni ne ya canza a tsakiyar layi. Mai karatun kirki yakan tambayi ko ɗigon nan biyu da mudu ɗaya aka auno su kafin ya ja layi a tsakaninsu.

Giraf ɗin da ya fi yawa a gidajenmu ba a littafin makaranta yake ba. Yana cikin jakar uwa ko ƙarƙashin katifa: katin awon jarirai da ake bayarwa a asibiti. Tarihinsa ma a ƙasar nan ya faro. David Morley, likitan yara ɗan Ingila, ya zo Nijeriya a 1956, ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile da ke jihar Osun ta yau. Daga bibiyar girman yaran ƙauyen ne aka samar da katin da ya bazu a ƙasashe da dama, watannin yaro a kwance, nauyinsa a tsaye, kuma uwa ce take riƙe shi, ba asibiti ba. Hikimar katin ita ce inda layin yaro ya dosa ya fi inda ɗigonsa yake muhimmanci. A ce yara biyu 'yan wata goma. Ɗaya kilo 9 ne amma wata uku ke nan nauyinsa bai motsa ba. Ɗayan kilo 7 da rabi ne, sai dai kowane wata yana ƙaruwa. Ido zai ce na farko ne lafiyayye, kowa na yaba kumatunsa. Katin yana cewa na farkon ne ya kamata a bincika: ko gudawa ce, ko ƙyanda ta taɓa shi, ko abincin da ake haɗa masa da nono bai isa ba. Layin da ya kwanta gargaɗi ne tun kafin jiki ya nuna. Yarinyar da take zaune a aji uku na ƙaramar sakandare yau, ba da jimawa ba ita ce za a miƙa wa katin nan, ko kuma ita ce ma'aikaciyar lafiyar da za ta cika shi. Ban ga dalilin da zai hana malamin lissafi ya kawo kwafin katin da ba sunan kowa a kai ya yi darasi da shi ba.

Sai batun ma'auni, wanda a nan ne masu son yaudara suke shiga. A ce buhu ya tashi daga naira 60,000 zuwa 63,000, ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Wani ya zana sanduna biyu amma ya fara layin tsaye daga 59,000 maimakon sifili. Sanda ta biyu za ta ninka ta farko sau huɗu a tsayi. Ba lambar da aka sauya, amma wanda ya kalla a Facebook ko WhatsApp ya wuce zai tafi da cewa farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ana iya yin akasin haka a danne babban canji ya zama kamar ba komai. Maganin abu ne mai sauƙi da ya kamata ya zama ɗabi'a: kafin ka dubi layi, karanta gefe. Me aka rubuta a kwance, me aka rubuta a tsaye, daga ina aka fara ƙirga, kuma tazarar da ke tsakanin lambobin daidai take?

Wannan tambayar ta ƙarshe tana da misali mai kyau a ƙidayar jama'armu. An ƙirga kusan miliyan 55.7 a 1963, kusan miliyan 89 a 1991, da miliyan 140 a 2006. Ba ɗalibai lambobin nan uku, mafi yawansu za su jera shekarun da tazara ɗaya, domin haka suka saba gani a jadawali. Amma tsakanin na farko da na biyu shekara 28 ce, tsakanin na biyu da na uku 15. In an jera su da tazararsu ta gaskiya sai a ga a zangon farko ana ƙaruwa da ɗan abin da ya haura miliyan ɗaya a shekara, a na biyu kuma fiye da miliyan uku. Nan ne darasi yake daɗi. Frances Curcio, wata masaniyar koyar da lissafi a Amurka, ta raba karatun giraf mataki uku a 1987: karanta abin da aka rubuta, kwatanta tsakanin abubuwan da aka rubuta, da hangen abin da ba a rubuta ba. Makarantunmu sukan tsaya a matakin farko. Ɗalibin da ya kai na uku zai tambaya: shin haihuwa ce ta ƙaru haka, ko mutuwar yara ce ta ragu, ko kuwa ɗaya daga cikin ƙidayar ce ba ta yi daidai ba? Kowa ya san an daɗe ana taƙaddama kan ƙidaya a ƙasar nan. Ba sai malami ya yanke hukunci ba. Ya isa yaro ya gano cewa zane yana iya sa mutum ya koma ya tuhumi lambobin da aka zana shi da su.

Akwai kuma jarabar ɗaukar tafiya tare a matsayin sanadi. Zana yawan gasasshiyar masarar da ake sayarwa a bakin titi wata-wata, ka ɗora a kan yawan masu zazzaɓin cizon sauro da ke zuwa asibiti. Layukan biyu za su tashi kusan tare a ƙarshen damina. Masara ba ta kawo zazzaɓi ba. Ruwan sama ne ya nunar da masara, shi ne kuma ya tara kududdufan da sauro yake hayayyafa. Abu na uku ne yake jan su duka biyun, kuma ba ya cikin zanen. Idan aka ɗora layin ruwan sama a kai, sai wani abin ya sake bayyana. A Kano da kewayenta ruwa ya fi yawa a Agusta, amma layin zazzaɓi yana biyo shi ne a baya da 'yan makonni, domin sauro yana bukatar lokaci ya ƙyanƙyashe ya girma, ƙwayar cutar tana bukatar kamar kwana goma ko fiye a cikinsa kafin ya iya yaɗa ta, sannan ta ɗauki wasu kwanakin a jikin mutum kafin zazzaɓi ya tashi. Saboda wannan tsarin na shekara-shekara ne ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya wata-wata a lokacin damina, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 don yankin Sahel. Wasu ne suka karanta giraf, suka ga inda layi yake tashi kowace shekara, suka ce a tare shi kafin ya tashi.

To ta yaya za a koyar? Ra'ayina shi ne a jinkirta lambobi. A fara da labari da zane na hannu, ba rula, ba takarda mai gidaje. Wata cibiyar binciken koyar da lissafi a Nottingham ta fitar da darussa a kan wannan hanyar a 1985, kuma wanda ya fi shahara a ciki shi ne na cika kwalabe da ruwa. Mu muna da kayan da suka fi kwalba nuna abin. Malam ya shigo aji da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, da bokiti mai faɗin baki, da tulu. Ya ce za a riƙa zuba ruwa kofi ɗaya-ɗaya, yawan kofuna a kwance, tsayin ruwa a tsaye, kowa ya zana yadda yake zaton layin zai kasance kafin a zuba ko ɗigo. Na gwangwani ba gardama, layi ne miƙaƙƙe. Na bokiti zai fara da sauri ya riƙa sassautawa, domin sama ta fi faɗi. A tulu ne ajin zai rabu. Wasu za su zana siffar tulun kansa, da cikinsa da wuyansa, wato kuskuren hoto ya fito fili inda za a iya kama shi. Wata za ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai gindin tulu tsukakke ne, ruwa zai yi saurin tashi, in ya kai ciki sai ya yi ta shan kofi ba a ganin motsi, a wuya kuma kofi ɗaya ya cika shi." Wannan yarinyar ta gama karanta giraf ɗin kafin a zana shi. Abin da ya rage shi ne a tsoma sanda a auna bayan kowane kofi, a ga ko zanenta ya yi daidai. Wanda ya yi hasashe ya kuskure, ya ga ruwa ya ƙaryata shi a gaban idonsa, ya fi riƙe darasin fiye da wanda aka ba amsa.

Darasin da na fi so a gwada kuwa ba ya bukatar komai sai sanda da rana. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsakar makaranta, a sa yara biyu-biyu su riƙa fita suna auna inuwarta duk bayan rabin awa, daga safe har a tashi, in da hali har la'asar. Layin da zai fito ba miƙaƙƙe ba ne. Zai gangaro da sauri da safe, ya sassauta, ya kai ƙasa, ya juya ya fara hawa. Duk yaron da ya zauna a Islamiyya ya san wannan juyawar, ita ce zawali, shigar lokacin azahar. Ya kuma karanta cewa la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar da ta rage a tsakar rana. Yanzu ga su a takarda, wuri biyu a kan layi ɗaya da shi ya auno. Zai kuma gano da kansa cewa inuwa ba ta fi gajarta da ƙarfe goma sha biyu daidai ba. A Kano sai wajen sha biyu da rabi, ya ɗan gaba ko ya ɗan baya gwargwadon watan da ake ciki, domin agogon Nijeriya an saita shi ne da wani layi da ke gabas da mu. In an maimaita awon a ƙarshen Afrilu, lokacin da rana take bi ta tsakar ka, inuwar tsakar rana za ta kusa ɓacewa, a Disamba kuma ta yi tsawo. Abubuwa uku ke nan suke canzawa, awa da wata da inuwa, kuma ba wanda ya kwafo su daga littafin wata ƙasa.

Game da yaren da za a yi wannan hirar, ni dai ina ganin a bar yaro ya fara faɗin labarin layin da Hausa. Jarrabawa da Turanci za a yi ta, kuma dole ya koyi kalmominta. Amma idan aka tilasta masa ya yi kokawa da sabon tunani da baƙon harshe a lokaci guda, yakan zaɓi hanya mai sauƙi, ya haddace jimlar da malam ya rubuta a allo. Wanda ya iya cewa "yana hawa amma hawan yana raguwa" ya riga ya kama ma'anar, sanya mata rigar Turanci aikin kwana kaɗan ne.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. Aji ya cika ya batse, wani wurin yara tamanin ko ɗari, manhaja doguwa ce, zango gajere, ɗakin gwaji kuwa ko babu ko a kulle. Sai dai yawan ɗalibai a wannan darasin yana iya zama riba. A auna tsawon kowane yaro da gabansa, wato daga yatsan hannu zuwa yatsan hannu idan ya ware su, kowa ya zo ya ɗiga nasa ɗigon a allo. Aji mai mutum tamanin zai ba da ɗigo tamanin, kuma za su taru kusa da layi ɗaya ba tare da sun hau kansa duka ba. A nan ne yaro zai fahimci abin da ake nufi da layin da ya fi ratsa tsakiya, ya ga cewa alaƙa tana iya zama ta gaske ko da wasu sun kauce mata, ya kuma daina goge ɗigon da ya ƙi hawa layi ko matsar da shi, al'adar da take yawa a jarrabawar gwaji. Ɗigon da ya kauce yana iya zama kuskuren awo, yana kuma iya zama shi ne yake ɗauke da labarin. Ƙarfen sifirin yana miƙewa daidai da nauyin da aka rataya masa, amma zuwa wani wuri ne, daga nan sai ya saki. Taki yana ƙara amfanin gona, amma wanda ya ja layin har ƙarshen takarda ya ce buhu goma zai ninka amfanin buhu ɗaya sau goma zai ƙone shukarsa.

Aikin kuma ba na malamin lissafi ba ne shi kaɗai. Mai koyar da labarin ƙasa yana da giraf na ruwan sama da zafi, mai tattalin arziki yana da layin bukata da na wadata, mai aikin gona yana da taki da yabanya, mai ilimin halittu yana da girman tsiro. Kowannensu yakan ɗauka an riga an koyar da karatun a wani ajin, don haka ba wanda ya koyar. Kwalejojin ilimi ne ya kamata su fara ɗinke wannan, ta yadda duk mai NCE a waɗannan fannonin zai fito ya taɓa tsayawa gaban allo ya mayar da labari zane, ya mayar da zane labari. Masu shirya jarrabawa ma suna da babban hannu, domin malami inda maki yake nan yake bi. Ko a jarrabawar ƙarshen zango, wadda take hannun makaranta, ana iya farawa: a ba ɗalibi giraf da aka riga aka zana, na farashin gero daga kaka zuwa kaka ko na nauyin jariri a shekararsa ta farko, a ce ya rubuta jimla uku kan abin da ya faru, ya nuna inda canji ya fi sauri, ya kuma faɗi abu ɗaya da zanen bai isa ya tabbatar ba. A ba wannan tambayar maki daidai da na zanen.